Kilishin Kawu da beyar dutsen Pisga

Tun ranar da wasunku suka ga hoton Kawunmu a naɗe cikin bargo bisa dutse, kofin shayi a hannu, fuska a murtuke, ake ta tambayarmu: ina ne nan, kuma mi ya kai ku kwana a daji alhali kuna biyan kuɗin hayar gida? Mun yi alkawarin ba da labari. To ga shi, sai dai ku yi haƙuri da tsawonsa.

Mu mazauna Girinsboro ne, a jihar Karolina ta Arewa cikin Amurka. Duk mai ɗan uwa a ƙasar nan ya taɓa jin sunan garin, don ƴan Nijar sun yi yawa a cikinsa har ka kan ji Hausa da Zabarmanci a bakin kanti. A kakar 2023 Kawu ya zo mana daga Tibirin Gobir ganin jikoki. Manomi ne, shekarunsa sun kusa 70, amma har yau in ya riƙe hauya yaro ba ya kamo shi. Sati biyu kacal ya yi a ɗaki ya fara ƙorafi. Wata safiya ya leƙa taga ya ce mana, "Wai ni yara, ƙasar ga ba ta da daji? Kullum daga ɗaki sai mota, daga mota sai ɗaki?" Kunya ta kama mu, don wasunmu sun fi shekara 15 a nan ba su taɓa kwana a waje ba, ƴaƴanmu kuwa ko shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin zafi ba su sani ba. Nan muka yanke shawarar kai shi duwatsun yammacin jihar, gandun dajin ƙasa na Pisga, tafiyar awa 3 zuwa 4 a mota.

Kalmar gandun daji ta so ta ɓata tafiyar tun ba a fara ba. Da Kawu ya ji ta sai ya ce shi kam a bar shi gida. A saninsa gandun daji wuri ne da talaka ba ya shiga sai da faɗuwar gaba. Yana saurayi an taɓa kama shi ya sassare reshen itace a gonar mahaifinsa, gonar da suka gada, wani mai kaki ya ɗora masu tarar da sai da aka kai akuya kasuwa. Sama da shekara 40 ke nan, bai manta launin akuyar ba. Sai da muka yi ta lallashi, muka ce masa na nan an yi shi ne don mutane su shiga, kafin ya yarda, shi ma da sharaɗin ba zai yi magana da kowane ma'aikaci ba.

Gaskiya ne abin da muka faɗa masa, sai dai da saura. A Amurka gandun iri biyu ne manya. Akwai irin na W da muka sani a gida, inda ba farauta ba sara, kwana ma sai a wurin da aka keɓe kuma da takarda. Akwai kuma gandun dajin ƙasa irin Pisga, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma ta tarayya. A irin wannan ana sare katako bisa tsari, ana farauta da kamun kifi a lokacinsu da lasisi, ana kuma kwana a wurare da yawa kyauta. Faɗin Pisga ya haura hekta 200,000. Babban yankinsa a da mallakin wani attajiri ne, George Vanderbilt, wanda ya gina katafaren gidan Biltmore kusa da birnin Ashbil. Bayan rasuwarsa a 1914 matarsa Edith ta sayar wa gwamnati kusan hekta 35,000, a ƙarƙashin wata doka ta 1911 da ta ba gwamnatin tarayya damar sayen dazuzzukan da koguna ke fitowa daga cikinsu. A 1916 aka kafa gandun. Makarantar koyon aikin daji ta farko a Amurka ma a cikin wannan dajin wani Bajamushe, Carl Schenck, ya buɗe ta a 1898, har yanzu ana zuwa kallon wurin.

Mu 13 muka tashi ranar Juma'a bayan masallaci, gida uku da Kawu, a mota uku. Kayan da muka loda kamar masu ƙaura: tanti huɗu na aro, barguna, tabarmi, butoci, tukunyar shinkafa, furno da buhun gawayi, sai kilishin da wani ɗan garinmu ke yi a nan Girinsboro, tunda ba a barin a shigo da nama daga gida. Wanmu har ya cika bayan motarsa da itacen da ya sare a ƙofar gidansa, sai ɗiyarsa ta nuna masa gargaɗin da masu dajin ke yi cewa kada a ɗauko itacen wuta daga nesa. Dalilin ƙwari ne. Akwai wani ɗan koren ƙwaro mai sheƙi da ya shigo daga Asiya, aka fara ganinsa a 2002, ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin ɓawon itacen girki yake hawa mota daga jiha zuwa jiha. Haka ya sauke yana gunaguni.

Kusa da garin Brevard, a bakin hanya mai lamba 276, akwai ofishin masu kula da dajin. Nan muka fara tsayawa. Kawu ya ƙi fitowa daga mota. Wata ma'aikaciya ta shimfiɗa mana taswira a kan tebur ta tambayi irin kwanan da muke so. Mu da muka zaci kwana kwana ne, ashe hawa hawa ne.

Na farko shi ne sansanin da aka gina, irin na bakin kogin Davidson da ke tsallaken ofishin. Fili ne da aka yanka gida gida sama da 100, kowane da lambarsa, da tebur, da zoben ƙarfe na hura wuta, ga famfo ga ban ɗaki. Ana biya, kuma ana kama wuri ne ta intanet a Recreation.gov tun watanni kafin ranar. A watan Oktoba, lokacin da ganye ke rikiɗa ja da ɗorawa, in ba ka kama da wuri ba sai dai ka ji labari. Mu ma don ƙanwarmu ta yi ta dubawa har wasu suka fasa ne muka samu fili biyu. Kowane fili da iyakar mutane da motocin da zai ɗauka. Masu taro da yawa akwai nasu filayen daban, irin na Cove Creek.

Na biyu wurare ne a gefen hanyoyin ƙasa da ke ratsa dajin, waɗanda aka kafa wa alama. Kyauta ne, ba ruwa ba ban ɗaki, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Inda ba alama ba a kafa tanti a bakin hanya, ko da wurin ya yi maka kyau. Na uku shi ne ka bar mota, ka goya kayanka, ka nutsa ciki. A wannan yankin sai ka yi nisan kamar mita 300 daga hanyar mota kafin ka sauke. Kuma ko wanne ka zaɓa, kwana 14 ne iyaka, daga nan ka naɗe. Daji na kowa ne, in ji ta, don haka ba wanda zai mai da wani gefe gidansa.

Mu shirinmu shi ne dare ɗaya a ƙasa, dare ɗaya a sama, a wani yanki da ake kira Shining Rock saboda farin dutse mai ƙyalli da ke ƙwanƙolinsa. Da ta ji haka sai ta ɗaga kai ta ƙirga mu ta taga. Ta ce to, a nan fa akwai magana uku. Shining Rock yana cikin wuraren da dokar 1964 ta ce a bar su yadda Allah ya yi su: ba mota, ba keke, ba injin sara, alamun hanya ma kusan babu. Ba a shiga fiye da mutum 10 a ƙungiya ɗaya. Ba a hura wuta, ko ta girki ko ta jin ɗumi, sai dai ɗan resho na gaz. Kuma duk mai kwana dole ya zo da tulun beya.

Bari mu tsaya a kan beya, don ba dabbar ƙasarmu ba ce. Baƙa ce, mai gashi, babba a cikinsu ya fi ƙaton mutum nauyi nesa ba kusa ba. Tana hawa itace, tana gudu fiye da kowane ɗan Adam, hancinta kuwa ya fi na kare. Yawanci tsoron mutane take yi, ƴaƴan itace da ƙwari ne abincinta. Matsalar tana farawa ne ranar da ta ɗanɗana abincin mutane. A 2015 wata ta shiga tanti a wani wuri da ke kusa, Graveyard Fields, ta ɗauke jakar goyo. Tun daga nan aka hana kwana a wurin, aka kuma wajabta tulun a Shining Rock da duwatsun da ke kewaye. Shi tulun na roba ne mai tauri ƙwarai, girman ƙaramin bokiti, santsi gare shi ba inda haƙori zai kama, murfinsa sai da dabarar yatsu. Duk abin da ke da ƙamshi ciki yake kwana: abinci, sabulu, man goge baki, turare, har sharar da ka tara. Sai a kai shi nesa da tanti a ajiye a ƙasa. Mun zo da biyu da wani abokin aiki ya ara mana, don haka nan ba mu ji tsoro ba.

Furno ne ya tsaya mana a rai. Muka ɗauko shi muka nuna mata, muka ce wannan ai ba wuta ba ce, ɗan garwashi ne na shayi. Ta juya shi ta yaba saƙar wayar, sannan ta ce a sansanin ƙasa mu sha shayinmu lahiya, amma in muna son shawararta, gobe mu bar shi cikin mota. Ƙanenmu da ke jiran takardunsa ya tambayi hukuncin wanda ya saɓa. Ta ce a rubuce tarar na iya kaiwa dala 5,000 ko wata 6 a gidan kaso. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta gida ba. Daga nan ba wanda ya sake kawo zancen furno.

Iyakar mutum 10 kuwa har yau tana mana ciwo, ba za mu ɓoye ba. Mu mutanen gayya ne, abin da ba a yi shi da taro ba bai yi armashi ba. Dokar an yi ta ne da tunanin mutanen da ke zuwa daji su biyu su uku don gudun hayaniya. Mun gane hujjarsu, ƙafa 26 a wuri guda tana kashe ciyawa, amma sai da ta raba mu: masu ƙananan yara su shida suka zauna ƙasa, mu bakwai muka yi shirin hawa. Mun so Kawu ya zauna saboda sanyi. Ya ce shi da ya jawo tafiyar ba za a bar shi da mata da jarirai ba.

Daren farko ya yi daɗi. Wuta a zobe, shayi hawa uku, kogi na ta shuu a bayanmu. Abu ɗaya ne ya ba mu dariya: ƙarfe 10 na dare ake yin shiru a sansanin, daidai lokacin da fada ke fara zafi a gida. Muna tsakiyar gardamar kokowa, ana ta jayayya kan wace jiha ta fi cancantar takobi, sai ga dattijon da ke kula da sansanin ya zo da ƴar fitila, ya gaishe mu da ladabi, ya nuna agogo. Ya kuma tuna mana kada tukunya ta kwana a kan tebur, komai a kulle cikin mota. Kawu ya bi shi da kallo ya ce, "Shi ke nan? Bai amshi komi ba?"

Washegari muka bi hanyar 276 tana murɗawa kamar maciji, muka wuce wani ruwa mai zubowa daga tsayin kusan mita 18, muka hau babbar hanyar da ke bin doron duwatsun, har wurin ajiye motoci a gindin Black Balsam. Tsayin wannan dutsen mita 1,894 ne. Don ku kwatanta, Idukal n Tagas na Bagzan, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Daga nan ƙafa ce, kilomita 6 zuwa 7, a kan wata hanya mai duwatsu wadda a da layin dogo ne na kwasar katako.

Abin da ya ba Kawu mamaki shi ne, duk hanya muna cikin itatuwa masu rufe rana, amma da muka iso sama sai fili fetal, ciyawa da ƴan gajerun sarƙaƙiya, iska na kaɗawa. Ya tsaya ya ce, "Wa ya aske nan?" Muka karanta masa abin da muka sani. Farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin katako sun share manyan itatuwan da ke wurin kakaf, suka bar rassa da ƙaiƙayi a zube. A 1925 gobara ta tashi a ciki, wata ta sake tashi a 1942. Wutar ba ta tsaya a sama ba, ta ci har cikin ƙasa, ta ƙone taki da irin da ke kwance. Kusan shekara 100 ke nan, dajin bai dawo yadda yake ba.

Kawu ya durƙusa ya tona ƙasar da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya daɗe bai ce komai ba. Mun san abin da yake tunani, don shi ma ya ga gonakin Gobir sun zama fili a shekarun fari, ya kuma ga yadda suka dawo bayan 1984, lokacin da manoma suka fara barin tohon kututture suna gyara shi maimakon su sassabe. A gonarsa yanzu akwai gawo da kalgo da shi ya raine su da hannunsa. Da ya miƙe sai ya ce, "Tamu ƙasar ta hi tasu haƙuri. Mu saiwa ba ta mutu ba. Nan sun kashe har saiwa." Tun daga wurin bai sake tambayar dalilin hana wuta ba, duk da bai fasa ƙorafin sanyi ba.

Mun sauka a wani ɗan kwari da aka saba kwana, inda ciyawa ta riga ta kwanta, don ƙa'idar ita ce kada ka buɗe sabon wuri in akwai tsoho. Sai batun buta. Ruwan rafin garau yake kamar ka kafa baki, amma ba a sha sai an tace ko an tafasa, saboda ƙwayoyin da ke sa zawo. Wanka, wanke kwano, zagayawa, duka sai ka yi nisan mita 60 daga ruwa, kamar taku 70. Mai zagayawa ya haƙa ɗan rami zurfin taƙi ɗaya, ya rufe in ya gama. Wannan kam Kawu ya ce ba Bature ya koya masa ba. Alƙibla ce ta kawo gardama: wayoyinmu suka nuna arewa maso gabas, shi kuwa ya saba fuskantar inda rana ke fitowa. Sai da muka ɗauko lemo muka zana masa yadda duniya ta lanƙwasa kafin ya ja mu sallar magariba, hannuwa na rawa don ruwan alwala kamar ƙanƙara.

Mun dafa taliya a kan resho can nesa da tanti, muka yi shayi a kan gaz. Kawu ya kurɓa ya yamutsa fuska, lokacin ne aka ɗauki hoton da kuka gani. Bayan isha muka bi kowa da tulu: a kawo duk abin da ke da ƙamshi. Yara suka miƙo alewa, ƙanwarmu ta kawo man shafawa, Kawu ya zaro goro biyu daga aljihu ya jefa yana tsaki. Muka tambaye shi ko da saura. Ya ce, "Mi kuke nema kuma, tsoho za ku sa ciki?" Aka yi dariya. Muka kai tulunan taku 100 muka ajiye.

Sai duhu da iska. Kawu ya ce tun da aka haife shi bai taɓa kwana a daji ba wuta ba, wuta ita ce bangon matafiyi. Amma rashin wutar ya buɗe mana sama. Taurari suka zubo kamar a Tadres. Ya jawo jikansa mai shekara 11 ya nuna masa gabas: "Ka ga waccan tarin? Kaza da ƴaƴanta ke nan. Ita ma ta biyo mu." Yaron da Hausarsa ke tuntuɓe ya yi ta maimaitawa. A tantin Kawu ya kwana ranar, ya ce shi wurin Kaka zai kwanta.

Wajen ƙarfe 3 na dare muka ji ƙwal, ƙwal, kamar ana buga bokiti da dutse. Sannan wani huci mai nauyi. Ba wanda ya yi motsi da farko, kowa na jin bugun zuciyarsa. Wanmu ne ya tuna abin da aka gaya mana: ba a gudu, ba a matsawa kusa, a taru wuri ɗaya a yi hayaniya. Muka fito muka haska fitilu, ana buga tukunya da cokali, Kawu na kabbara da ƙarfi. Can muka hango idanu biyu sun yi ƙyalli, sai baƙin doro ya juya ya gangara cikin sarƙaƙiya ba tare da gaggawa ba. Ba wanda ya koma barci. Muka zauna a tanti ɗaya, mu bakwai, gwiwa na gugar gwiwa, har asuba.

Da gari ya waye muka sami tulu ɗaya a wurinsa, ɗayan ya gangara can ƙasa, duk jikinsa yawu da ƙarzar haƙori, murfi a rufe gam. Muna ta murna muna ɗaukar hoto. Sai muka ga Kawu ya koma gefe ya zauna kan dutse. Ya sa hannu cikin rigar sanyinsa, ta ciki, ya zaro wani ƙunshi a takarda ya ajiye a gabanmu. Kilishi ne, ya kai tafin hannu biyu, mai ya huda takardar. Da shi ya kwana a ƙirji, jikansa a gefensa.

Ba wanda ya yi magana. Ƙanwarmu, uwar yaron, ta dubi ƙunshin, ta dubi ɗanta. Ba ta da bakin da za ta ɗaga wa ƙanen mahaifiyarta murya, kuma ba ta ɗaga ba. Ta kama hannun yaron kawai ta ja shi suka tafi naɗe tanti. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

Daga baya, muna ɗaure kaya, Kawu ya yi mana bayani da murya ƙasa ƙasa. Ya ce ba taurin kai ba ne. A dajin da ya sani, guzuri a jikinka yake kwana, ka yi matashi da shi, wuta na ci a gefenka. Wanda ya ajiye abincinsa taku 100 ya ba kura da dila sadaka, kuma in hanya ta ɓace wa mutane, ɗan abin da dattijo ya ɓoye shi ke ceton yara. Don yaron ma ya ɓoye. "Abin da na sani duka," in ji shi, "a nan juye yake." Mu ma da muka yi ta karanta dokoki a waya, ba mu taɓa zama mun fassara masa dalilin tulun dalla dalla ba. Mun ce masa doka ce kawai, kalmar da ya fi ƙi a duniya. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

A hanyar dawowa ya ƙi bari kowa ya ɗauki tulun da beyar ta tauna. Ya yi gammo da rawaninsa ya ɗora a ka, kilomita 7, Turawan da muke gamuwa da su na ta kallo. Da muka iso ofishin don ba da rahoto, tunda suna so a riƙa sanar da su duk inda beya ta kusanci mutane, sai muka ji ƙofar mota ta buɗe a bayanmu. Kawu ne. Ya shigo, ya tsaya gaban tebur, ya ce mu gaya wa malama duk abin da ya faru, har da kilishin, kada mu rage. Ƙanenmu mai jiran takardu ya fara zufa. Muka faɗa. Ta saurara, ta rubuta wuri da lokaci, ta yi godiya da ba a ɓoye ba. Ta ce mu gaya masa beyar da ta sami abinci a tanti sau ɗaya za ta koma wani tantin, kuma irin wannan ƙarshenta sau da yawa harbi ne. Da muka fassara, Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ashe da na ja ma yaro, na ja ma dabba." Ya tambaya ko nawa ne tarar. Ta ce wannan karon gargaɗi ne. Ya sa hannu a aljihu zai ba ta goro, sai ya tuna goron na cikin tulu.

Sai da muka kusa gida ƙanwarmu ta yi masa magana, ta miƙa masa ruwa ta ce, "Kawu, a sha." Ya karɓa da hannu biyu.

Masu niyyar zuwa, ku sani abubuwa sun canza bayan tafiyarmu. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta afka wa duwatsun nan da ambaliyar da ta kashe mutane da yawa, ta cinye hanyoyi da gadoji, ta kayar da itatuwa ba adadi. An rufe wurare da dama, ana buɗe su sannu a hankali. Kada ku dogara da abin da muka gani a 2023, ku kira ofishin yankin kafin ku tashi, ku tambayi hanya, ku tambayi ko an hana wuta saboda fari, don a irin wannan lokacin har a wuraren da aka saba hurawa akan hana. In lokacin farauta ne ku sa riga mai launin lemo mai haske.

Labarin guguwar ya kai Tibiri ta rediyo. Kawu ya sa aka kira mu da dare, bayan ya tabbatar kowa na lahiya sai ya shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya: kogin da muka kwana bakinsa ya yi ɓarna? Malamar ofis fa, an ji labarinta? Ƴan itatuwan da ya gani suna tasowa a gefen filin da aka aske, iska ta bar su? Muka ce sai mun je mun gani. Ya ce in mun tashi mu tafi da yaron, a nuna masa kaza da ƴaƴanta kada ya manta. Har za mu kashe waya ya ce mu dakata, akwai magana ɗaya da yake so mu kai ma malama in mun same ta: ya yarda da tulu, ya yarda da hana wuta, amma shayin gaz dai ba shayi ba ne.